Ɗan da ban ga fuskarsa ba

Haihuwata biyu, amma ɗa ɗaya na goya. Na fari na haife shi a gida Najeriya a 2014, ta biyu kuma a Ingila a ƙarshen 2022. Ciwon da ya kama ni a cikin fari shi ne ya sake kama ni a na biyu, jikin nan nawa ne bai canza ba, Ubangijin da na roƙa a can shi na roƙa a nan. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, don a wurinmu mace ba ta baje zancen naƙudarta a bainar jama'a. Abin da ya sa na cije na rubuta shi ne ƙanwata, mai ciki wata bakwai yanzu, da na ji ta faɗi maganar da ni ma na taɓa faɗa: "Ba komai Yaya, ɗan ciwon kai ne kawai."

A wani ƙaramin gari na ƙasar Katsina na tashi. Tun ina yarinya na san mutuwar haihuwa kamar yadda na san rani da damina. Sai dai ka ji an ce wance ta rasu wajen haihuwa, a ce Allah sarki, ta yi shahada, bayan sadakar bakwai a rarraba 'ya'yanta a dangi. Tsofaffinmu kan ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya, ɗaya a lahira. Ban taɓa jin wani ya tambayi abin da ya kashe wance ɗin ba. Haihuwa ce ta zo da gardama, magana ta ƙare.

Ni dai na yi boko har na samu NCE, na fara koyarwa, aka yi mini aure a 2013 na tare a Zariya inda maigidana ke aikin koyarwa shi ma. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya ci ni. Ina zuwa awo. Da an sallame sallar asuba nake fita don in samu layi a wani ƙaramin asibitin unguwa, mu fi ɗari a kan benci, malaman asibiti biyu kacal. A taɓa ciki, a saurari bugun zuciyar yaro, a miƙo maka maganin ƙarin jini, a kira ta gaba. An gwada hawan jinina sau ɗaya. Zuwa na biyu aka ce abin gwajin ya lalace. Gwajin fitsari kuwa sai ka fita waje ka biya, ga rana ta take, ga yunwa, na ce sai wani zuwan. Ban ga laifin matan nan biyu ba har yau. Mutum biyu ba sa iya duba mutum ɗari, ko da mala'iku ne.

Da cikin ya shiga wata takwas aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Lokacin watan Yuli ne, azumi ya yi nisa, damina ta kankama. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, awarwaron hannuna ya kama fata, fuskata ta yi suntum. Goggona ta ce cikin namiji haka yake. Wata kuma ta ce zaƙi ne ya yi mini yawa, aka jiƙa mini maganin zaƙi ina sha safe da yamma. Sai ciwon kai ya biyo baya, irin wanda kamar ana sara da gatari, ina ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idona, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama da na ɗauka ƙwannafi ne. Inna ta tambaye ni, na ce ba komai. Cikin fari ne, kunya ba za ta bar ni in zauna ina yi wa mahaifiyata ƙorafin ciki ba. An koya mana cewa 'yar mutunci ko naƙuda take ba a jin muryarta.

Abin da ya faru a daren nan ba ni da shi a kaina, daga baya Inna ta ba ni labari, shi ma da ƙyar. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na fito zagayawa na yanke jiki na faɗi, ina jijjiga, kumfa na fita a bakina, na datse harshena har jini. Abin da ya fara zuwa zuciyar mutanen gida shi ne iska. Aka kira malam ya yi tofi, aka yi hayaƙi. Na lafa, aka ce alhamdu lillahi, can na sake. A karo na uku ne Baba ya ce a nemi mota. Mutum ɗaya ne mai mota a layinmu, kuma babu mai a cikinta, sai da aka tashi wani ɗan bumburutu daga barci. Ga hanya ruwa ya cinye, tafiyar da ake yi a minti arba'in ta koma kusan awa biyu.

Asibitin garin da muka fara tsayawa mai gadi kaɗai aka samu. Aka wuce babban asibitin gwamnati, nan kuma aka tarar likitoci na yajin aiki, wanda a shekarar ya game ƙasar baki ɗaya tun daga farkon Yuli har ƙarshen Agusta. Wata dattijuwar nas ce ta karɓe ni. Inna ta ce matar nan ta buɗe wata 'yar durowa da makullinta, ta ɗauko allura ta yi mini a ɗuwawu biyu, jijjigar ta tsaya. Sannan ta dubi Baba ta ce, "Alhaji, iyakar abin da zan iya ke nan. Ku kai ta inda za a yi mata aiki yanzu-yanzu, kada ku tsaya ko'ina." Ban san sunanta ba, ban san fuskarta ba, amma ba na sallah in manta da ita.

A asibitin kuɗi na cikin birni aka ce sai an ajiye naira dubu tamanin kafin a taɓa ni, kuma a kawo jini leda biyu. Baba ya shiga kiran mutane a waya da asubar fari. Yayyena biyu da azumi a bakinsu aka gwada su, na ɗaya ya dace, ɗayar ledar sai saye aka yi. Kafin kuɗi su haɗu, jini ya samu, a tayar da janareto, hantsi ya dubi ludayi. Daga faɗuwata zuwa shigar da ni tiyata awa goma ne.

Sai washegari da yamma na farfaɗo. Na kai hannu cikina na ji shi a saɓe, ga ɗinki. Na dubi gefen gado ban ga komai ba. Na ce, "Inna, ina yaron?" Ta kawar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan. Wanda ya ba mu ya karɓi abinsa." Namiji ne. Mabiyiya ta rabu da mahaifata tun muna hanya, ko da aka ciro shi babu rai. An yi masa sutura an binne shi ina kwance ban san inda kaina yake ba. Maigidana ya gan shi, Baba ya gan shi, ni da na ɗauke shi wata takwas ban ga ko yatsansa ba.

Duk wahalar da na sha, babu wadda ta kai wankan jego babu jariri. Safe da yamma a dafa ruwa da ganyen darbejiya a yi mini wanka, a dama kunun kanwa a ba ni, nono ya cika ya yi tauri yana zuba a riga, babu mai sha. Masu zuwa dubiya su rasa abin faɗa, ba barka ba, ba ta'aziyya sosai ba, sai su ce "barka da arziki". Kuma gaskiyarsu ne, na tsira. Amma da dare in na ji kukan jaririn maƙwabta sai in tura kaina cikin filo. Da za a sallame ni likita ya ce jijjiga ce, Allah ya kiyaye gaba. Iyakar bayanin da na samu ke nan. Me ya kawo ta, za ta dawo ko ba za ta dawo ba, ban sani ba, ban kuma san ina da ikon tambaya ba.

Shekara bakwai na yi ina gudun ciki. Da sanin maigidana nake allurar tazarar haihuwa, dangi kuwa suka ɗauka tiyatar ce ta lalata ni. Na sha habaici, na sha jin zancen kishiya a kaikaice. Ban tanka ba, don ni na san abin da nake tsoro.

A 2021 maigidana ya samu tallafin karatun digiri na uku a wani gari a arewacin Ingila, muka tafi tare. Masu cewa asibiti kyauta ne a can, to, ba haka kawai ba ne ga baƙo: tun wajen neman biza aka caje mu kuɗin lafiya, fam 470 kowane mutum a kowace shekara. Sai dai in ka biya wannan, ba mai sake ce maka kawo wani abu a ƙofar ɗakin haihuwa. Shi ne ya lallashe ni. Ya ce, "In har za mu sake gwadawa, a nan ya kamata." Na yi istihara, na daina allurar, bayan wata biyar na samu ciki. Ranar da na tabbatar, ba murna na yi ba, banɗaki na shiga na yi kuka.

Zamana na farko da ungozoma ya kai awa ɗaya cur. Ta haɗa mu da mai fassara ta waya duk da ina jin Turanci, ta ce tana so in faɗi komai da harshen da nake kuka da shi. Ta sa maigidana ya ɗan fita, ta tambaye ni ko ina zaune lafiya a gida, abin ya ba ni dariya da mamaki. Sannan ta ce in ba ta labarin cikin fari daga farko. Na ba ta. Da na zo kan kumburi da ciwon kai da ƙyalli-ƙyallin nan sai ta ajiye biro. Ta ce wannan hawan jinin masu ciki ne, daga mahaifa yake tasowa, yana taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, kuma jijjiga ita ce matakinsa na ƙarshe. Ta ce makonni kafin mace ta faɗi ana iya gano shi, da abin gwajin jini na hannu da wani ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari.

Ɗan tsinken takarda. Na dawo gida a cikin bas ina ta juya maganar. Shekara takwas ina ɗora wa kaina laifi, wani lokaci in ce maganin zaƙin ne, wani lokaci in ce ko wani ne ya yi mini hannu. Ashe abin da ya raba ni da ɗana bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya halicci sababi, kuma tun ranar na daina yarda a yi amfani da kalmar nan a rufe bakin mai tambaya.

Aka ɗora ni kan ƙaramar ƙwayar asfirin kullum da dare tun daga mako na 12. Aka haɗa ni da babban likita, ana yi mini hoton ciki a kai a kai don a ga girman yarinya, aka ba ni abin gwajin jini in riƙa yi a gida ina rubutawa. Duk zuwan da zan yi sai an gwada jini da fitsari, ba fashi. Magani ma mai ciki ba ta biya, har shekara guda bayan ta haihu. Kuma aka ba ni lambar waya, aka ce dare ko rana in na ji wani abu in kira.

Nan ne zan faɗi abin da masu yabon Turai ba sa son ji. A mako na 34, wani daren sanyi, ciwon kan nan ya dawo, shi ɗin dai, har da na ƙarƙashin haƙarƙari. Na gwada jinina na ga ya hau. Na kira lambar. Wadda ta ɗauka ta ji muryata a natse, ta ce in sha farasitamol in kwanta, in bai sauka ba in sake kira. Wallahi saura kaɗan in kwanta. Tarbiyyar da aka yi mini ta kada ki dami mutane tana nan daram. Maigidana ne ya ce, "Tashi mu tafi, ba zan sake binne ɗa ba."

Da muka isa aka ce mu zauna. Ɗakin cike, ma'aikata kaɗan, su ma a guje suke. Wasu mata na ihu ana rige-rigen kai musu ɗauki, ni kuwa ina zaune da hijabina na dafe kai ina salati a zuci. Wata ta leƙo ta ce ai da alama ina lafiya, in ƙara haƙuri. Dauriyar da ake yaba mana a gida, a can ita ce ta zama shaidar cewa ba abin da ke damuna. Bayan kusan awa biyu na fara ganin ƙyalli-ƙyallin. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je gaban teburinsu na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi wa wani babba ba a rayuwata, na ce na taɓa yin jijjiga, ɗana ya mutu, kuma abin da na ji a wancan dare shi nake ji yanzu.

Aka gwada: 170 bisa 110. Matar ta danna wani maɓalli a bango, kafin in kai ƙarshen salati ɗakin ya cika da mutane. Wannan na sa mini allura a jijiya, wancan na ɗibar jini, wata na riƙe da hannuna tana gaya mini abin da ake yi ɗaya bayan ɗaya. Maganin da suka sa mini don tare jijjiga na tambayi sunansa daga baya, magnesium sulphate, ashe shi ne wanda dattijuwar nas ta ciro daga durowarta a 2014. Magani ɗaya ne. A can sai da na faɗi sau uku na same shi, shi ma don Allah ya haɗa ni da mai ɓoye shi saboda irin wannan rana. A nan kuwa kafin in faɗi aka ba ni. Ba wanda ya tambayi maigidana kuɗi, ba wanda ya tura shi neman jini, jinin na ajiye tun kafin a san da zuwana. Da safe aka yi mini aiki ina farke. Na ji kukanta, ƙaramin kuka kamar na 'yar kyanwa, aka ɗaga ta sama da labulen aka ce ga 'yarki. Kilo biyu ba kaɗan. Ta yi kwana goma sha biyu a ɗakin jarirai bakwaini.

Daga baya na karanta cewa abin da ya same ni a ɗakin jira ba baƙon abu ba ne. A Ingila tun 1952 duk matar da ta mutu a dalilin ciki ko haihuwa sai an bi diddigin mutuwarta, a gano inda aka yi sake, a fitar da rahoto. Rahoton da ake fitarwa daga Jami'ar Oxford ya nuna a shekarun 2020 zuwa 2022, lokacin da na haihu a can, baƙar mace ta fi farar fata haɗarin mutuwa kusan ninki uku. Abin ya sosa mini rai. Amma na lura da wani abu: su suka ƙirga, su suka buga abin kunyarsu da hannunsu. Kuma duk da haka a cikin haihuwa 100,000 matan da ke mutuwa a can ba su kai 15 ba. Mu kuwa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce 1,047, wato mata kusan 82,000 a shekara guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da haihuwa ta kashe a duniya a shekarar. Ƙiyasi ne ma, don matan layinmu da na sani babu wanda ya rubuta su a ko'ina.

Jegon Ingila kuwa, kaɗaici ne zalla. Ungozoma na zuwa gida ta gwada jinina ta duba ɗinki, ta yi minti ashirin ta tafi. Ba mai dafa ruwa, ba mai karɓar yarinya in runtsa. Ranar suna mu biyar ne a falo, ragon ma a gida aka yanka aka turo mana hoto. Wata maƙwabciya 'yar Sudan ce ta riƙa kawo mini miya har na yi arba'in, Allah ya saka mata. Inna kullum a waya tana faɗan ban sha kunun kanwa ba. Na ce, "Inna, mai hawan jini ba ta shan kanwa." Ta ce su da suka sha ai ga su nan. Ban ja da ita ba, amma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Duk da haka da za a ba ni zaɓi, asibitin can nake so da jegon gida, ban da kanwar.

Akwai abin da na gani a ɗakin tiyata da bai bar raina ba. Duk audugar da ta jiƙe da jinina sai sun ɗora ta a sikeli, wata na faɗin adadi da ƙarfi. A gida da zani ake auna jinin mai haihuwa, a ce ta jiƙa biyu, ta jiƙa uku, kafin a farga ta yi fari. Na ɗauka wannan dabarar sai Turai, sai na ji cewa a 2023 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda ake shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da ya kai iyaka a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunan zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100. Cikin jagororin aikin har da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano. Leda ce fa. Ba ilimin ne babu a ƙasarmu ba, kai shi inda mace take kwance ne ya gagara.

Mun dawo gida bara. A cikin kayana, abin da na fi lallaɓawa shi ne abin gwajin jini da na saya kafin mu taso, da gwangwani biyu na tsinken fitsari. Ni ba likita ba ce, ba na ba kowa magani. Abin da na iya shi ne in ɗaura wa mace a hannu in karanta lamba, in ta kai 140 bisa 90 in ce a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Matan layinmu sun fara sabawa, har suna ce mini malamar awo. Goggo kuwa har yanzu kallon abin take a kaikaice.

Ranar da ƙanwata ta ce ɗan ciwon kai ne, ban ce mata komai ba, na shiga ɗaki na ɗauko. Ta ce, "Haba Yaya, a gaban Inna?" Na ce miƙo hannun. Ya nuna 150 bisa 95. Na jira ta huta na sake, bai sauka ba. Na kira mijinta na ce ya same mu a asibiti, ya fara cewa a bari sai da safe, na ce ba shawara nake nema ba. An ɗora ta kan magani, duk mako muna komawa tare. Na riga na sa yayyenmu biyu sun gwada rukunin jininsu, mai motar layinmu kuma na ba shi kuɗin galan guda ya ajiye a bayan ɗaki. Saura mata mako takwas.